Taken Babin Tsani

Saura ƙiris Auta ta ƙi buga wa babanta littafin tarihin rayuwarsa a kwamfuta, don ta san dole a zo kan maganar tsani. Tun da Baffa, ƙanin Baba, ya ari tsanin fenti bai dawo da shi ba, ko gaisuwa ba ta ƙara haɗa su ba. Aka kuma hana Auta zuwa gidan Baffa, inda nan kaɗai take iya dariya da ƙarfi.

Da suka iso babin, Baba ya gyara zama a kan tsohon bokitin fenti, ya ce ta rubuta take. Ya fara da ranar aron, ya bi da launin tsanin, da matakin da ke girgiɗi, da duk wanda ya shaida, duk a cikin taken. Ita kuwa manhajar tana maimaita taken babi a saman kowane shafi. Kafin la'asar take ya cinye shafi, labarin kansa ya maƙale a layi ɗaya can ƙasa.

Auta ta nuna masa wani ɗan akwati a gefen allo inda ake sa gajeren take: shi zai hau saman shafuka, dogon ya tsaya a farkon babi kawai. Baba ya ce ko wasali aka cire, mutumin can ya ci nasara.

Magana ta kai kunnen Baffa. Sai ga shi ɗauke da kujerarsa, wai a sa amsarsa cikin taken. Suka sa Auta a tsakiya, kowa yana yi wa kwamfuta magana.

"Rubuta, maƙaryaci," in ji Baba.

"Sa waƙafi, 'yata, ki ƙara da cewa wanda ya faɗa," in ji Baffa.

Kwamfuta ta yi zafi, ta fara nishi. Auta ba ta ɗaga kai ba, ta shiga ɗan akwatin ta rubuta: Baba da Baffa. Nan take shafuka suka dawo hayyacinsu, sunayen biyu suna zaune kafaɗa da kafaɗa a saman kowanne.

Su biyun suka leƙa allon. Can Baba ya juya, ya dubi ƙaninsa ido cikin ido.

"Kai, ka ga abin da yarinyar nan ta yi mana?"

Baffa ya ce lallai ba za a yi asarar wahalarsu ba, a buga dogon taken a manna shi a bangon falo. Da aka haɗa takardun, sai suka fi ƙarfin hannun mai tsaye. Baffa ya yi gyaran murya, ya fita, ya dawo da tsani a kafaɗa. Baba ya hau, Baffa ya riƙe masa, yana karanto zagin daga ƙasa, yana cewa a ɗan ɗaga ta hagu.

Washegari, tun Baba bai tashi ba, Auta ta saɓi tsanin ta mayar gidan Baffa. Ta jingine shi inda ya saba, ta zauna aka zuba mata shayi, tana jiran Baba ya biyo sawu.