Kafintan da Aka Binne Kamar Baƙo

Fasto, kai ka binne mijina kamar baƙo, kuma a gaban 'ya'yansa.

Duk wanda aka binne daga cocin nan, "ɗan'uwanmu" ake ce masa a bakin kabari. Shekara arba'in ina jin haka. Da aka zo kan nawa, sai ka ce "wannan dattijo". Na ɗauka kunnena ne, har sai da na ga babbar 'yata ta dafe baki. Sannan ka ɗora da cewa yin benci ba ya kai mutum sama, wanda aka sāke haifa ta wurin Ruhu ne kaɗai zai ga mulkin Allah. Mutanen da suka sunkuyar da kai a wurin, duk a kan katakon da ya goge suke zama ran Lahadi.

Ban yi makaranta ba, amma ban musa koyarwar ba. Benci ba ya ceto. Mijina ma ya sani.

Na san inda ka samo hukuncinka. Ranar da ka zo duba shi yana kwance, ka ce, "Baba, wace rana aka sāke haifarka?" Ya dube ni, ya juya fuska bango, ya ce ba zai iya faɗa ba. Ka tashi ka tafi. Ina tsaye da kofin ruwa, ko kallona ba ka yi ba.

Kunya ce ta rufe masa baki. In zai faɗi ranar, dole ya faɗi abin da ya yi ana gobe ranar. Mashayi ne a da. Ya fasa min haƙori da ƙotar guduma. Washegari ya je coci gyaran ƙafar benci, yana warin giya. Yana kwance a ƙarƙashinsa da ƙusa a baki, tsohon fasto yana koyar da masu shirin baftisma. Da tsakar rana ya dawo, garin katako a gashinsa, ya durƙusa a ƙofar ɗakina yana kuka.

"Maman yara, wancan mutumin ya mutu. Na roƙi Yesu ya yi ni sabo."

Na ce masa in an ga gawar a kira ni. Shekara guda ina ɓoye gudumar in ya shigo. Shekara ashirin da shida bai ƙara ɗaga min ko murya ba. Tsohon faston da ya san labarin ya riga shi rasuwa. Ni kaɗai na rage.

Giɓin yana nan a bakina. Ran Lahadi zan zauna a bencin gaba, wanda ya gyara ɗin, in buɗe baki kowa ya gani. Kai kuma ka tashi ka gaya wa 'ya'yansa: wa ka tambaya kafin ka cire ubansu daga cikin 'yan'uwa?