Wayar Baba

Ni dai tun farko na faɗa, in aka bar ni da mutanen nan sai sun gwammace ba su taɓa jin sunan unguwarmu Gyadi-Gyadi ba. Amma wa ke jin maganar Husaina a gidanmu? Wai na cika zafi.

Babanmu Malam Ɗahiru ya rasu ya bar ƙaramar wayarsa mai madannai, wadda ya ɗaure bayanta da roba. Inna ta shiga takaba ta ajiye ta gefen dardumarta. Kwanakin farko wayar ba ta hutawa, tsofaffin abokan aikinsa da dangi na nesa sai kira suke suna gaisuwa. Da aka yi sadakar arba'in, ɗif, kowa ya kama gabansa.

Masu talla ne kawai ba su gaji ba. Wani kamfanin sayar da filaye ne, Allah kaɗai ya san inda suka samo lambar. Ana tsakiyar tuƙa tuwo wayar za ta ɗau ƙara, Inna ta ɗaga, wata murya mai zaƙi ta ce, "Da Malam Ɗahiru muke magana?" Inna ta ce ya rasu. Sai a ce, "Ayya. To Hajiya, ko ke za ki so fili a bayan Darmanawa?" Inna ta ajiye wayar ta juya fuska bango. Ranar ba za ta ƙara cin abin kirki ba.

Wallahi abin ya ƙona min rai. Sau ɗaya na fizge wayar na wanke wani saurayi tas, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Na toshe lambar, washegari suka kira da wata. Kai, mutanen nan ba su da kunya!

Yaya Bashir, babban wanmu, ya ce magana ta ƙare, ranar Asabar zai zo daga Hotoro ya cire layin ya karya. Na ce Allah ya yi maka albarka. Inna tana ji, sai ta jawo wayar ta tura ƙarƙashin hijabinta.

Asabar da hantsi ya iso. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya miƙa hannu.

"Inna, ba ni wayar nan. Kullum sai sun tayar miki da hankali."

"Ka bar min abata, Bashir."

"Don Allah Inna. Me za ki yi da ita? Ga taki nan."

Bai rufe baki ba wayar ta fara ƙara a cinyarta. Na yi wuf zan karɓa, Inna ta buge min hannu, abin da rabonta da yi tun ina firamare. Ta danna, ta buɗe murya yadda duk za mu ji.

Yarinya ce, daga jin muryarta ba za ta girme ni ba. Ta tambayi Malam Ɗahiru.

"Malam ya rasu," in ji Inna. "Yana maƙabartar Tarauni."

"Ayya, sannu. To Hajiya, muna da garaɓasa a kan..."

"Dakata. Yaya sunanki?"

"Zahra'u."

"Zahra'u, a gidanku in aka ce miki mutum ya rasu, ayya ake cewa a wuce? Ke kika kira shi da bakinki, kika ambaci sunansa a cikin ɗakinsa, a gaban matarsa mai takaba. Ba za ki kashe wayar nan ba sai kin yi abin da ake yi."

Ban taɓa jin Inna da irin wannan murya ba. Ni da ake ce wa masifaffiya, sai na koma gefe na zauna. Muna jiyo hayaniyar ofishinsu, wasu na ta zuba wa wasu bayin Allah tallan fili.

Can yarinyar ta ce, a hankali, "Inna, ki yi haƙuri. Yaya haƙuri?"

"Da godiya."

"Allah ya jiƙan Malam Ɗahiru. Allah ya gafarta masa, ya sa ya huta, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba ku haƙurin rashi."

"Amin, amin. Yanzu kika yi magana."

"Zan roƙi ogammu a cire lambar nan, ba za a sake damunku ba."

Na ɗaga hannu sama na ce alhamdulillahi. Inna ta galla min harara.

"Wa ya ce ki cire? Ki bar ta. Akwai wani kusa da ke?"

"Akwai."

"Miƙa masa."

Haka Inna ta sa aka yi ta zagayawa da wayar, wani Bello ya yi addu'a, wata ta karɓa ta yi, har wani mai gurguwar Hausa ya lallaɓa ya yi tasa, Inna tana amsawa da amin ɗaya bayan ɗaya. Sai da ta gamsu ta sallame su.

Yaya Bashir ya sunkuyar da kai. "Inna, gobe ma fa za su kira."

"Su kira mana." Ta share ido da gefen hijabi. "Ku kanku yanzu marigayi kuke cewa. Su kaɗai suka rage masu kira su tambaya ko Malam Ɗahiru yana kusa. Ina jin zafinsa, amma ina so in ji. Kuma duk wanda ya tambaye shi, sai ya biya shi da addu'a."

Yaya Bashir ya miƙe ya yi waje, na ji shi yana fyace hanci a tsakar gida.

Inna ta miƙo min wayar.

"Husaina, an kawo wuta. Sa wa babanki caji."