Injin Teh Odah

Ranar da aka rufe masaƙarmu, sai da muka fito tsakar fili sannan muka gane ashe duk ihu muke wa juna. Shekara ashirin da wani abu kana tsaye tsakanin injunan saƙa, ai dole kunne ya tafi. Zane mai araha da ake shigowa da shi daga waje shi ya kashe mu. Nan Majalaya, garin da kowane lungu ake jin ƙarar saƙa, sai ga ni da kaina na sayi zanen waje na ɗaura, don shi aljihuna ya iya.

Da labari ya zo cewa gwamnati za ta ba waɗanda aka sallama tallafin kuɗi na 'yan watanni, kowa ya yi hamdala, ban da Teh Odah (Teh a wajenmu kamar a ce Yaya ne), wadda injinta ke maƙwabtaka da nawa tun ina sabon shiga. Mijinta na kwance da ciwon ƙoda, albashinta ne abincinsu, shi ne maganinsa. Na ɗauka ita za ta riga kowa zuwa ofishin tallafin, sai na same ta zaune a ƙofar gida tana tsince shinkafa.

"Teh, tashi mu tafi mana! Ko sai sun zo da mota sun ɗauke ki?"

Ta ce, "Enung, zauna. Ni fa ba Odah ba ce."

Na yi dariya, na zaci tsokana ce. Ashe sunanta Ikoh. Odah yayarta ce, ita aka ɗauka aiki, ta yi 'yan watanni ta yi aure ta koma ƙauye. A wancan zamanin inji kamar gado yake a wajenmu, ba a barin shi ya fita daga gida. Ikoh shekarunta ba su kai ba, sai uwarsu ta miƙa mata katin aikin yayar ta ce ta je ta tsaya a wajen. Ogan sashe ya ɗauke kai, kamar yadda ya ɗauke wa wasu da yawa. Aka ci gaba da kiran Odah, ita kuma ta ci gaba da amsawa, har mijinta ma ya saba.

"To sai me?" na ce. "Wa ya saƙa zanen? Katin?"

"Suna duba fuska, Enung, su haɗa da ta katin ɗan ƙasa. Sannan sai kin rantse."

Ni na matsa mata muka hau bas zuwa ƙauyen. Mun tarar da Hajiya Odah a rumfarta tana soya awara, mace mai fara'a, ta cika mana faranti tun kafin mu zauna. Na zayyana mata abin da ya kawo mu: ta zo ta tsaya a gaban na'urar duba fuskar, ta karɓi kuɗin, ta ba ƙanwarta. Fara'ar nan ta ɗauke.

"Suna na ara mata, kuma ban yi da-na-sani ba. Amma in rantse na yi aikin da ban yi ba? Bara na dawo daga Makka, Enung."

Wallahi raina ya ɓaci. Na ce, "Da kike ara mata sunan ba ki san ƙarya ba ce, sai yau da za ta ci abinci?" Ikoh ta riƙe mini hannu ta ce in yi shiru. Hajiyar ba ta yi fushi ba, hawaye ma na gani a idonta. Ta ce za ta zo, amma gaskiya za ta faɗa, ai duk wanda ya ji gaskiyar nan zai tausaya.

Muka je ofishin mu da yawa, har da Mang Tatang (wato Kawu Tatang), tsohon ogan sashenmu, da sandarsa. Ma'aikacin saurayi ne mai ladabi, sai sunkuyar da kai yake yana ba mu kujeru. Hajiya ta yi bayani tiryan-tiryan. Mang Tatang ya tabbatar, ya ce shi ya ɗauke kai, in da hukunci a yi masa. Mu kuma muka hau shaida gaba ɗaya, da muryoyinmu na masaƙa, har mai gadi ya leƙo ya ga ko faɗa ake.

Saurayin ya saurare mu har ƙarshe. Ya ce, "Iyayena, na yarda da ku ɗari bisa ɗari. Amma kun ga, Hajiya da bakinta ta ce ba ta yi aikin ba, don haka ba zan iya ba ta ba." Ya juya ga ƙanwar. "Mama, yaya sunanki na gaskiya?"

Ta ce, "Ikoh."

Ya buga a na'ura, ya sake bugawa, ya juyo mana da fuskarta mu gani da idonmu. Babu wata Ikoh da ta taɓa aiki a masaƙar. Ya ce zai tura maganar sama, amma ba zai yi mana alkawarin da ba zai iya cikawa ba. Na so in zage shi, na rasa laifinsa. Ni da na zo bayanta, ni da ta koya wa ƙulla zare, a take aka ce na cancanta. Kunya ta kama ni kamar na yi sata.

A waje Hajiya ta rushe da kuka, tana cewa ita ta ɓata komai, su dawo ƙauye da mijin, rumfar za ta ɗauke su duka. Ikoh ta gyara ɗankwalinta ta nufi bakin titi. Na bi ta da sauri.

"Teh Odah, tsaya mana! Nawa in ya fito mu raba."

Ta tsaya, ta juyo. Idonta a bushe yake.

"Na gode, Enung. Amma ki daina kirana da sunan nan, mai shi ga ta can."

Na buɗe baki in kira ta da nata, ya ƙi zama a harshena. Bas ta tsaya, ta shiga, ta ce tana sauri, lokacin maganin mijinta ya yi.