Rumbu ko Akwati

Ana saura mako guda zaɓe anka kira masu gari taron tsaro a Sabon Birni. Maigari Is'haƙa na Tungar Maliki ya zo bisa babur ɗin haya, ya samu benci can baya ya zauna.

Wani jami'i ya miƙe ya faɗi abu biyu. Ba za a kai akwati ƙauyukan da ke bakin daji ba, saboda 'yan bindiga. Nasu akwatin an maido shi makarantar firamare cikin gari. Kuma ranar zaɓe an hana hawa babur, tun safe har a gama.

Is'haƙa ya ɗaga sanda.

"Ranka ya daɗe, akwati na gari, mu muna Tunga, babur an hana. Da mi za mu zo?"

"Baba, an yi haka ne don tsaronku."

"Na ji. Da mi za mu zo?"

Jami'in ya duba agogo, ya ce a rubuto koke. Anka yi addu'a, anka watse.

A bakin ƙofa Marwan ya tare shi, yaron wani ɗan takara, ya durƙusa har ƙasa.

"Baba Maigari, mi na wahala? Ku tattara muna katuttukan zaɓenku, mu hutar da ku."

"Ubanka ma bai riƙe man kati ba. Kauce."

Da ya koma Tunga ya tara mutane gindin tsamiya. Ya ce a tashi tun Jumu'a da amalanken shanu, a kwana gari, a jefa ƙuri'a Asabar. Jibrilla, shugaban 'yan sintirin ƙauyen, ya girgiza kai.

"Maigari, gero na cikin rumbu. Mu bar gari wayam kwana guda? Kafin mu komo ko zangarniya ba mu iskewa."

Ba wanda ya ce ƙarya ne. Bara haka ta faru da maƙwabtansu, ranar wata jana'iza.

Kande, ƙanwar Maigari, tsohuwa mai baki, ta ce, "To Yaya, ka aza rumbun bisa kai mu tafi da shi, tunda kan naka babba ne."

Anka yi dariya. Shi bai yi ba.

Ya yanke: mata da tsofaffi su tafi, maza masu ƙarfi su tsaya gadi. Shi ma zai tsaya, don kada a ce ya bar yara ya gudu gari. Tun da aka fara zaɓe a ƙasar nan bai taɓa fashi ba, wannan karon ya haƙura. Ya karɓi katin duk wanda zai tsaya, ya ƙulle a tsumma, ya cusa aljihun ciki, kada wani ya ruɗu ya miƙa wa Marwan.

"Kande, ki zauna gaban akwatin nan. Ko salla za ki, ki bar wata."

Jumu'a amalanke uku sunka tashi. Asabar Maigari ya wuni bayan rumbuna da sandarsa a cinya, ba abin da ya gitta sai akuya.

Lahadi da hantsi sunka komo. Kande ta sauko tana dafa gwiwa, ba ta ko gaishe shi ba.

"Na zauna, Yaya. Har anka fara ƙirga. Sai wasu sunka ce an ji harbi bayan gari, a kwashe akwati a kai wuri mai tsaro. Mu kuma anka kora mu cikin aji, wai don lafiyarmu."

"An yi harbin?"

"Ni dai ban ji ba. Da safe anka faɗi sakamako. Tungar Maliki kaf ta jefa, ba wanda ya rage. Har kai. Sannu da hanya."

Is'haƙa ya taɓa aljihunsa. Ƙullin na nan yadda ya ɗaure shi.

"Jibrilla, nemo man babur. Za ni gari."

"Ka ce masu mi, Maigari?"

"In tambaye su wa na zaɓa."