Sunan Wanda Ya Haƙa Rijiya

Shekarar da hukumar En'e ta turo Malam Hashimu daga Katsina ya tattara labarin garuruwa, don a yi littafin tarihi na makaranta, ni na shimfiɗa masa tabarma. Ya gama Batsari da Safana, ya biyo ta Runka ya iso ƙauyenmu, yana tambayar wanda ya fara zama a nan.

Kowa ya san ubana ne. Shi ya sare dajin, shi ya haƙa rijiya. Amma ya rasu ina goye, kuma Gambo kawai ake ce masa.

Malam ya ce, "Gambo ai laƙabi ne, Hansai. Na samu Gambo uku tun daga Zakka. Littafi sunan yanka yake so."

Gidan Daudu kuwa, da suka zo bayan ruwa ya samu, tuni sun jero sunan kakansu Daudu har da na ubansa. Kai, mutanen nan ba su da ta ido!

Sa'o'in ubana duk sun ƙare. Saura Inno, uwata, wadda ta ji sunan ranar ɗaurin aurensu. Na kai Malam ƙofar ɗakinta. Bayan doguwar gaisuwa ta ba shi labari tiryan-tiryan: gaba nawa rijiyar, wace shekara fara ta cinye gero. In ta zo kan ubana sai ta ce "mai gidan nan."

"Inno, sunansa fa?" in ji Malam.

Ta ja mayafi ta rufe baki.

Na ce, "Haba Inno! Sau ɗaya tak. Ko a kunne ki raɗa mini, ni in faɗa."

"Ke, ba ki da kunya? Yana raye bakina bai kama sunansa ba, sai yanzu da yake kwance?"

Raina ya ɓaci, har na yi kuka. Na ce za a ba Daudu rijiyar. Ta ce a ba shi, ai ruwan ba zai canza ba.

Malam ya kwana biyu yana jira, mutumin kirki, sannan ya hau kekensa.

Da littafin ya fito, ɗana ya karanta mana cewa Daudu ne ya kafa garin. Inno ta saurara har ƙarshe. Lokacin kaka na zuwa ta rasu.

Har yau in zan yi wa ubana addu'a, Gambo nake cewa. Allah dai ya san wanda nake nufi.