Kwalaben Kanta ta Sama

Shekara goma sha tara Mai Sikeli ya yi yana ciyar da funfuna. Aikinsa ke nan a ɗakin gwajin katako. A yanka katako ƙanana kamar akwatin ashana, a jiƙa a magani, a busar, a auna, a jefa cikin kwalba mai damshin ƙasa tare da funfunar da ke cin katako. Bayan mako goma sha biyu a sake aunawa. Wanda bai rage nauyi ba, maganinsa ya yi. Kowace kwalba kuma ana saka mata guntu ɗaya da ba a shafa wa komai ba, shi suke kira ɗan tsirara. Shi ne shaida. In bai ruɓe ba, funfunar ce ba ta ci ba, gwajin ya tashi a banza.

Shekara shida yana haɗa nasa maganin, sai ga wata da aka ɗauka bara, kowa na ce mata Dakta, ta zo da nata haɗin. Shugabar ɗakin ta ce a gwada duka biyun, wanda ya yi nasara shi za a miƙa wa masu rufin gidaje, da sunan mai shi a kan takarda.

Dakta ba ta taɓa yi masa komai ba, kuma abin da ya fi cinsa ke nan. Kullum sai ta gaishe shi, "Yaya, an tashi lafiya?" Shi kuwa ko tarinta ya ji sai ransa ya ɓaci. Kishi yake, kishi na gaske, har abinci ya daina yi masa daɗi.

"Baban yara," in ji matarsa, "tun da ka zauna sau bakwai ka ambaci matar nan. Ni da na haifa maka biyar ko sau ɗaya ban ji sunana ba."

"Ke ba ki san aiki ba."

"Na dai san mijina."

Ɗakin ɗumi, inda kwalaben ke kwana, a hannunsa yake, kuma ya san halinsa kamar yunwar cikinsa. Kanta ta sama ta fi ɗumi, can funfuna ke haukacewa. Ta ƙasa, kusa da ƙofa, sanyi ke bugunta. Sai ya jera na Dakta a sama, nasa a ƙasa. Duk mako yana ɗiga wa nata ruwa, yana sassauta murfi don iska ta shiga, yana leƙawa yana jin daɗin ganin farin gashin funfuna ya lulluɓe katakonta. Ko 'ya'yansa bai taɓa yi wa irin wannan reno ba. Nasa kwalaben kuwa ya bar su da ƙishi, kada wani abu ya taɓa su.

Ranar awo aka goge katakon, aka busar, aka fara da na Dakta. 'Yan tsiraranta sun zama kamar soso, yatsa ma nutsewa yake. Masu magani kuwa da ƙyar allurar sikeli ta nuna bambanci.

Aka zo kan nasa. Masu magani garau. Ya fara murmushi. Shugaba ta ɗauki ɗan tsirara, ta ƙwanƙwasa shi a tebur, ya yi ƙara kamar yau aka yanko shi. Ta ɗauki na biyu, ta ɗauki na uku.

"Malam, funfunarka azumi ta yi? Wannan ba gwaji ba ne. Ban san ko maganinka na aiki ba, kai ma ba ka sani ba, masu rufi kuma ba za su jira mu wata uku ba."

Ta juya ga na Dakta. "Amma waɗannan, ban taɓa ganin funfuna ta ci haka ba. Maganin da ya tsaya a nan ba mai musunsa. Wa ya kula da su?"

"Yaya ne," in ji Dakta, har idonta ya kawo ruwa. "Ya bar nasa ya rungumi nawa. Ranki ya daɗe, don Allah a sa sunansa a takardar."

"Za a sa. A shafin ƙarshe, can ƙasa, inda ake gode wa waɗanda suka taimaka."

Su biyun suka zuba masa ido suna murmushi, suna jira. Mai Sikeli ya ce ya gode.