Ranar da Iman Ta Koyi Faɗuwa

Mutum uku ne a gidan Hajiya Barira da ke unguwar Hajj Yusuf a Khartoum: ita tsohuwar, da 'yarta Rabi'atu mai sayar da shayi a bakin tasha, da jikarta Iman. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sha ba. Abin da suka rasa shi ne takun Iman a tsakar gida. Ta faɗo daga raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku, ta karye a ƙafa, ƙashin ya haɗe, likita ya ce ta warke, amma ta ƙi taka ƙasa. Ga makaranta na gab da buɗewa, kuma in ta sake rasa zango sai ta maimaita aji, ƙawayenta su wuce su bar ta.

Ana cikin haka kawunta Jibrin ya zo hutu daga Kanada, inda yake horar da 'yan wasan hoki a wata kwaleji. Iman ta taɓa ganinsu a wayarsa, suna gudu a kan ƙanƙara da sanduna, takalmansu da ƙarfe a ƙasa kamar wuƙa.

"Kawu, a ina ka koya? Mu ai ba mu da ƙanƙara sai ta cikin jarka."

Ya zauna a bakin gadonta ya ba ta labari. A masana'antar ƙanƙara ta Bahri ya fara aiki yana saurayi, yana jan manyan sandunan ƙanƙara a kan daɓe mai santsi. Da yamma yakan haye gada zuwa Khartoum ya buga hoki irin na fili a wani kulob. Da ya tafi Kanada karatu, aikin da ya samu shi ne wasa ƙarafan takalman 'yan wasa. Daga nan ya zama mai ɗaukar kaya, sai mataimaki, har aka ba shi ƙungiyar.

"Amma a Bahri na koyi abin da nake fara koyarwa," in ji shi. "Shugabanmu Almahdi ba ya barin sabon ma'aikaci ya taɓa ƙanƙara sai ya wuni yana faɗuwa a daɓen nan da gangan."

Washegari ya je Kasuwar Libiya a Omdurman ya dawo da siririyar katifa, ya shimfiɗa a tsakar gida.

"Kai Jibrin, ka yi hankali da ni," in ji Hajiya Barira. "Muna roƙon Allah ta tsaya, kai kana shirya mata wurin faɗuwa?"

"Inna, ku duk kuna ce mata kar ta faɗi. Ba wanda ya gaya mata abin da za ta yi in ta faɗin."

Ya tsaya a kan katifar, ya sassauta gwiwa, ya manna haɓa a ƙirji, ya kife ta gefe da jallabiyarsa. Iman ta yi dariya.

"Ƙato da kai!" in ji tsohuwar. "Wannan ake kira aiki a can?"

"Wannan ne, Inna. Iman, duba. Kar ki miƙa hannu ki tare ƙasa. Gefe za ki bayar. Sannan gwiwa ɗaya, hannu biyu a kanta, ki tura."

Ya ɗauko ta ya durƙusar da ita a kan katifar. Ta faɗi daga durƙushe, ba ta ji komai ba. Ta sake. Da ya tsayar da ita ta riƙe hannun rigarsa kam, shi kuwa bai janye ba. Can ta saki da kanta. Ta faɗi ta gefen ƙafar da ta karye, ta kwanta shiru tana jiran zafi. Zafin bai zo ba.

"Yalla, tashi," in ji Jibrin, hannayensa a baya.

Ta kafa gwiwa, ta ɗora hannu biyu, ta tura. Tana tsaye ta ga ba wanda ke riƙe da ita. Ta taka zuwa randa ta ɗebi ruwa, kakarta na bin ta da salati.

Iman ta gane cewa ƙafarta ta daɗe da warkewa, kuma in ta sake faɗuwa ta san yadda za ta tashi.